Jirgin Kano Zuwa Maraɗi: A Faɗa Mana Kuɗin Tikiti Da Hanyar Filin Jirgi Tun Yanzu



Azumin da ya wuce ni aka ɗora wa raka goggona Kano, za ta tafi Umara. Jirginta na dare ne, amma ana idar da sallar asuba muka bar Jibiya, don duk ɗan garin nan ya san ba a yi wa hanyarmu lissafin agogo. Daga nan zuwa Katsina, tafiyar da ba ta kai awa guda ba in hanya sake take, sai da muka ci kusan biyu. Tsaya nan, buɗe but can, direba ya sauka ya dawo yana ƙunƙuni. A Katsina muka sauke kaya, muka hau Keke Napep zuwa wata tashar, muka zauna jiran mota ta cika. A Kano aka sake sauke mu, muka shiga ciniki da mai tasi, shi kuma da ya ji an ce filin jirgi sai ya ɗauka mun haƙo rijiyar mai a bayan gida. Hawa huɗu, ciniki huɗu, kowanne da kuɗin kaya daban. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga azumi a baki.

Da muka wuce inda ake aikin layin dogo, sai ta leƙa ta taga ta ce mani, "Kai ɗan nan, wannan jirgin naku har da irinmu zai ɗauka, ko na masu takalmi sau-ciki ne?" Na ce, "Haba Goggo, har da ku mana." Ta ce, "To nawa ne?" Na yi shiru. Ta ce, "Zai kai ni har bakin jirgin sama, ko nan ma sai an yi ta sauke ni ana ɗorawa kamar buhun gero?" Nan ma na yi shiru.

Ni da nake tsayawa gaban matasa da lasifika ina cewa jirgi na nan tafe, tambaya biyu daga bakin tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta ɗaure ni. Tun ranar abin yake cina. A duk tarukan da na zauna, na jam'iyya da na gari, an yi maganar kashi nawa aka kammala, an yi maganar diyyar gonaki, an yi maganar wa zai samu aikin gadi. Ban taɓa jin wanda ya miƙe ya ce nawa talaka zai biya, ko ta yaya fasinja zai isa filin jirgin sama daga tasha ba. Shi ya sa na ce bari in kawo maganar nan, mu tattauna ta a tsakaninmu tun ba a makara ba, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga wanda bai bi zancen daga tushe ba: a watan Satumba na 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a kan kimanin dalar Amurka biliyan 1.96, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal. A watan Fabrairu na 2021 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya ƙaddamar da aikin, aka yi bikin a Kwarin Tama nan jiharmu, lokacin Rotimi Amaechi ne ministan sufuri. Tsawon babban layin kimanin kilomita 284 ne. Zai tashi daga Kano ya bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, ya zo Jibiya, ya tsallaka zuwa Maraɗi, ga kuma reshe da zai tafi Dutse. Turawa sun kai jirgin ƙasa Kano tun 1911, daga baya suka ja layi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda. Birnin Katsina bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, balle Jibiya. Saboda haka duk wanda ya ce mani aikin nan ba shi da amfani, ko ya ce don Nijar aka yi shi, sai in ce ya zo kasuwar Jibiya ran Lahadi ya ƙirga mani wa ke ɗan Najeriya wa ke ɗan Nijar a layin 'yan hatsi. Ni ina goyon bayan aikin ɗari bisa ɗari. Goyon bayan ne ma ya sa nake tsoron kada a gama shi ya zama abin kallo daga nesa.

Kuma tsoron nan ba daga iska na ɗauko shi ba. Mu duba Abuja. A watan Yuli na 2018 aka buɗe jirgin ƙasa na cikin birni wanda ya haɗa tsakiyar gari da Idu da filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. An kashe mashi sama da dala miliyan 800. An yi biki, an ɗauki hoto. Amma tashoshi da dama suna cikin daji, babu titin mota mai kyau da zai kai ka bakinsu, zirga-zirgar kuma 'yar kaɗan ce a yini. Mutumin da jirginsa zai tashi ƙarfe bakwai na safe ba zai tsaya jiran jirgin ƙasan da bai san lokacinsa ba. Da korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, ya zauna shekara huɗu yana tsatsa. Sai a 29 ga Mayu 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe shi, bayan an gyara, an kuma gina hanyoyin shiga tashoshin, aka ce a hau kyauta har ƙarshen shekara. Da aka yi hakan sai ga mutane sun cika taragu. Ƙarfen dai shi ne na 2018. Abin da ya sauya shi ne kuɗin shiga da hanyar isa tasha, wato daidai tambayoyin goggona guda biyu.

Mu leƙa maƙwabtanmu ma. A Nijar kamfanin Bolloré ya shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, aka yi bikinsa a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. Har yau ba a ga yana jigilar fasinja ba. 'Yan uwanmu na Maraɗi sun san wannan labarin fiye da mu, shi ya sa in ka yi masu zancen jirgi sai su yi murmushi su ce Allah Ya nuna mana.

To bari in fara da maganar hanya, don ita ce ta fi jawo gardama a majalisarmu ta dare. Filayen jirgin sama biyu ne wannan layi zai wuce kusa da su: na Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da na Malam Aminu Kano a Kano. Na Katsina yana gabashin birni, ɓangaren da layin yake fitowa daga Daura da Mashi. Na Kano yana arewacin birni, ɓangaren da ake shigowa daga Dambatta. Wato Allah Ya riga Ya sauƙaƙa, ba sai an keta gari gaba ɗaya ba.

Abokaina da dama, musamman na cikin birnin Katsina, ra'ayinsu shi ne a ja reshe na musamman daga tashar Katsina har ƙofar filin jirgin 'Yar'aduwa. Suna kawo misalin Saudiyya, inda jirgin Haramaini da aka buɗe a 2018 tsakanin Makka da Madina yake da tasha a cikin filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, ka sauka daga sama ka shiga na ƙasa ba tare da rana ta taɓa ka ba. Wallahi abin sha'awa ne, duk wanda ya gani zai so a yi a garinsu. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya. Filin jirgin Jidda yana karɓar miliyoyin mutane a shekara. Namu na Katsina fa? In ka cire lokacin jigilar alhazai, da ranakun da manya ke zuwa ɗaurin aure ko ta'aziyya, jiragen da ke sauka a yini ba su wuce ka ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. In aka gina reshe yau, da tasharsa, da ma'aikatansa, da injin wutarsa, da masu gadinsa, taragu za su riƙa zuwa wayam suna dawowa wayam. Kuɗin kula da shi kuma daga ina? Daga tikitin mai kai tumatir Katsina za a cire shi. Na san wannan magana ba za ta yi wa wasu daɗi ba, za a ce ɗan Jibiya yana yi wa birni baƙin ciki. A'a. Ni ma nan na yi karatun difloma ta, nan na yi aure. Lissafi ne kawai.

Abin da nake ganin ya dace da Katsina a yanzu shi ne motocin bas masu tsafta da ke jiran kowane jirgin ƙasa a bakin tasha, su kwashi masu zuwa filin jirgi kai tsaye, kuma da tikiti ɗaya. Ka saya a Jibiya, an rubuta filin jirgin Katsina a jiki, ba ka sake ciro ko sisi ba, ba ka sake ciniki da kowa ba, kayanka ma'aikata ne za su sauya masu wuri. An taɓa gwada irin wannan a ƙasar nan. A watan Maris na 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na mako shida don gyaran titin saukar jirage, aka karkatar da jirage Kaduna, da motoci da jirgin ƙasa aka riƙa kwasar fasinjoji tsakanin garuruwan biyu, kuma aiki ya tafi. Lokacin aikin Hajji sai a ƙara motoci, a ware taragu na maniyyatan Jibiya, Kaita, Mashi da Daura, kowace ƙaramar hukuma da ranarta. Amma tare da haka, gwamnatin jiha ta auna filin da reshen zai bi nan gaba, ta biya diyya tun ƙasa tana da araha, ta kafa duwatsu, ta hana gini a kai. Mun san halin garuruwanmu: ana jin an ce tasha za ta zo, kafin wata uku 'yan fulotai sun yanka ko'ina. Ranar da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙaru har reshe ya cancanta, kada a tarar sai an rushe unguwa guda.

Kuma kada wani ya ce ai harkar jirgin ƙasa ta tarayya ce, jiha ba ta da ta cewa. Wannan tsohon zance ne. A watan Maris na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ya mayar da shi cikin waɗanda jihohi ma za su iya yi wa doka su kuma gina. Saboda haka Majalisar Dokokin Jihar Katsina tana da hurumi, gwamna yana da hurumi. Ba sai mun zauna jiran Abuja ta tuna da mu ba.

Inda nake ganin reshen ƙarfe na gaske ya cancanta shi ne Kano. Can ne jiragen ƙasashen waje suke tashi, zuwa Jidda da Madina, zuwa Alƙahira, zuwa Adis Ababa. Can ɗan kasuwarmu mai zuwa sarin kaya yake hawa, can mara lafiyar da za a kai Masar yake hawa, can masu Umara suke hawa duk shekara ba sai lokacin Hajji ba. Ga wani abu da 'yan Abuja ba su cika lura da shi ba: daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, alhali daga Maraɗi zuwa Kano bai kai rabin haka ba. Wato ga Alhazan Maraɗi, filin jirgin da ya fi kusa da su mai zuwa ƙasashen waje shi ne na Malam Aminu Kano. Mu da ke bakin iyaka muna ganinsu kullum suna wucewa ta Ɗan Isa da Magama da akwatunansu. Waɗannan su ne fasinjojin da za su iya biyan kuɗin tarago mai sanyi ba tare da sun ji a jikinsu ba, kuma kuɗinsu ne zai iya tallafe tikitin talaka. In jirgi ya sauke su a wata tasha can bayan gari, aka bar su da masu tasi da cunkoson Kano, to za su ci gaba da ɗaukar shatar mota daga ƙofar gidansu, layin dogo ya rasa mafi tsokar cinikinsa. Wakilanmu na Katsina a Majalisar Tarayya ya kamata su haɗa kai da na Kano da Jigawa a kan wannan, ko da jam'iyya ta bambanta. Kuma in layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar a 2021 ya kammala, mutumin Zariya ma zai ci moriyar reshen.

Yanzu kuɗin tikiti, wanda shi ne ainihin abin da ya hana ni barci.

Da yawa daga kuɗin aikin nan bashi ne, kuma bashi sai an biya. Na san ranar da za a zauna yanke farashi, akwai wanda zai buɗe kwamfuta ya ce a raba bashin a kan fasinjoji. In aka bi wannan, an kashe jirgin tun ranar suna. Titin Katsina zuwa Kano da ake ta aikin faɗaɗawa, wa ya ce sai direban tasi ya biya kuɗin kwalta kafin ya hau? Layin dogo ma hanya ce ta gwamnati. Ribarsa tana cikin dakon kaya: hatsi, dabbobi, siminti, taki, kwantenonin 'yan kasuwar Nijar da ba su da teku. A nan ya kamata a nemi kuɗin biyan bashi. Fasinja ya biya abin da zai riƙe mai da albashi da gyara.

Ko a ƙasashen masu kuɗi an gwada tsawwalawa an ga ƙarshenta. A birnin Toronto na Kanada an buɗe jirgin ƙasa daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin sama a 2015, aka sa tikiti dalar Kanada 27.50, da tunanin ai mai hawa jirgin sama ba ya jin tsada. Taragu suka riƙa yawo babu kowa. Ba a yi shekara ba, a 2016, aka sauke shi zuwa dala 12, nan take fasinjoji suka ninka. In Bature mai albashin dala ya ƙi hawa don tsada, ina ga mutumin Bugaje?

Wanda ya fi burge ni shi ne na Senegal. Jirgin da suka buɗe a Dakar a watan Disamba na 2021, wanda aka tsara zai ƙarasa har filin jirgin sama na Blaise Diagne a kashi na biyu, sun raba hanyar shiyya-shiyya. Gajeriyar tafiya sefa 500, matsakaiciya 1,000, mai nisa 1,500, tarago na musamman kuma 2,500. Kowa ya san abin da zai biya tun daga gida, mai tallan kifi da ma'aikacin banki duk jirgi ɗaya, kowa da wurin zamansa daidai aljihunsa.

Mu ɗan yi lissafi da namu na gida. Layin Abuja zuwa Kaduna kimanin kilomita 186 ne. Da aka dawo da shi aiki a Disamba 2022, kujerar talaka naira 3,600 ce, wato wajen naira 19 kowace kilomita. Daga Jibiya zuwa Katsina kimanin kilomita 45 ne. A wancan ma'aunin tikitin bai kai naira 900 ba. Na san tun daga lokacin an cire tallafin mai a Mayu 2023, naira ta faɗi, komai ya tashi, ba na cewa a tsaya a kan wannan adadin. Abin da nake nunawa shi ne tsarin: a biya gwargwadon nisan da aka yi. Kada a ce tikiti mafi ƙaranci shi ne na Jibiya zuwa Kano, wanda zai sauka Katsina ko Mashi ma shi zai biya. Mafi yawan tafiyar mutanenmu gajera ce: asibiti, makaranta, kasuwa, gaisuwar mutuwa.

Sai dai akwai wani lauje cikin naɗi da ya kamata mu lura da shi. Motar haya daga Katsina zuwa Kano tana bi ta Charanchi, Kankiya, Tsanyawa da Bichi, kimanin kilomita 170. Jirgin ƙasa kuwa zai zagaya ta Mashi, Daura da Kazaure, hanyar ta fi tsawo. Ba na ƙorafi a kan zagayen, mutanen can ma 'yan uwanmu ne kuma suna da haƙƙi. Amma in aka yi lissafin kilomita tsagwaronsa, mutumin Jibiya da na Katsina za su biya kuɗin zagayen da ba su suka roƙa ba. Don haka a sa ƙa'ida a rubuce: kujerar talaka daga kowace tasha zuwa kowace tasha ba za ta wuce kuɗin motar haya na wannan tafiyar ba, ta ma zama ƙasa da shi sosai. In jirgi ya fi mota tsada, kuma sai ka hau babur ka je tasha, wa zai bar tashar mota da ke bakin kasuwa?

Batun kaya kuma, wanda na san masu zama ofis ba za su tuna da shi ba. Mutuminmu ba ya tafiya da 'yar jakar hannu. Buhu ne, kwando ne, jarkar manja ce, wani lokaci har da kaji. A ware tarago na 'yan kasuwa, a sa sikeli a fili, a rubuta kuɗin buhu a allo da Hausa, boko da ajami. In aka bar shi a bakin ma'aikaci, to mun dawo gidan jiya. Wanda zai wuce filin jirgi da akwati biyu na Umara, shi ma a haɗa mashi kuɗin kayan a cikin tikitinsa tun daga farko. Ƙarin da za a yi don zuwa filin jirgi ya tsaya a kan mai zuwa filin jirgi, kuma ya zama ɗan daidai. Ma'aikatan filin jirgin kansu, masu shara da masu tura kaya, da ɗalibai, a yi masu katin wata mai rangwame.

Yadda za a sayar da tikitin ma magana ce. Kowa ya ji labarin cuwa-cuwar tikiti a layin Abuja zuwa Kaduna, yadda ake cewa ya ƙare a taga amma ga shi a hannun wasu a waje da ninkin kuɗi, har gwamnati ta kawo sayarwa ta intanet a farkon 2021. Tsarin ya taimaka, ban musa ba. Amma a nan in aka ce sai ta waya kaɗai, an kori rabin gari. Mu da aka yanke wa layin sadarwa a Satumba 2021 saboda matsalar tsaro, muka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira ɗan uwansa, mun san abin da ake nufi da dogaro da waya. Goggona wayarta 'yar rakani-kashi ce. Baƙonmu na Maraɗi kuma ba shi da lambar NIN. A bar taga a buɗe a kowace tasha, a ware mata kaso na kujeru da ba za a sayar ta intanet ba, a karɓi katin shaida na ƙasashen biyu. A kuma yanke tun yanzu da wane kuɗi mai tsallaka iyaka zai biya, naira ko sefa, da wane canji, kuma wa ke sanar da shi. Duk wanda ya taɓa canji a Magama ya san farashin safe daban na yamma daban.

Iyakar ita kanta fa? A Agusta 2019 aka rufe ta, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022. Aka yi juyin mulki a Yamai a Yuli 2023, aka sake rufewa, sai Maris 2024 aka buɗe. Yanzu kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Mun ga yadda garin nan ya koma kamar an yi shara, matasa suka watse, wasu ba su dawo ba har yau. Saboda haka a tsara zirga-zirga da farashi yadda jirgin Kano zuwa Jibiya zai iya tsayawa da ƙafarsa ko da an wayi gari siyasa ta sake rufe ƙofa. Tashar Jibiya ta zama cikakkiyar tasha inda jirgi ke iya kwana ya juya, inda kwastan da jami'an shige da fice za su yi bincikensu sau ɗaya a wuri ɗaya. Tsaron layin kuma, bayan abin da ya faru da jirgin Abuja zuwa Kaduna a 28 ga Maris 2022, ba abin wasa ba ne, balle a yankinmu. Amma nauyin gwamnati ne, kada a ɗora shi bisa tikiti a ce kuɗin tsaro.

Akwai waɗanda na san suna karanta wannan gabansu na faɗuwa: direbobinmu na layin Katsina da Kano, 'yan kamasho, 'yan dako, masu abinci a tasha. Da yawansu 'yan tafiyar nan ne, su suka kwashi mutane ranar zaɓe ba su karɓi ko kuɗin mai ba. Wani dattijo a cikinsu ya tare ni ya ce, "Shugaba, kai kana ta kiran a rage kuɗin jirgi, mu kuma mu ci me?" Na ce, "Baba, jirgi ba zai shiga Faru ba, ba zai shiga Gangara ko Riko ko Gurbin Ɓaure ba. Wa zai kawo mutanen can tasha?" Motocin da na ce su riƙa kai fasinja filin jirgi, da waɗanda za su riƙa ɗauko mutane daga ƙauyuka a kan lokacin jirgi, ƙungiyar direbobi ya kamata a ba, da bashin motoci mai sauƙi, ba wani ɗan kwangila daga nesa da zai zo da yaransa ba. Ya ce in haka ne yana ciki, amma yana so ya gani a takarda. Ni ma haka na ce mashi.

Na san wasu a cikinmu za su ce wannan rubutu tamkar tona asirin gida ne, a bari a gama aikin tukuna. 'Yan uwa, ranar da aka buɗe jirgin nan aka manna farashin da ya fi ƙarfin mutane, ba minista za a tare a bakin masallaci ba. Ni da ku za a tare. Mu ne muka bi gida-gida muka ce alheri na zuwa. In kuwa muka yi shiru har 'yan adawa suka riga mu ɗaukar maganar, to mun ba su sanda da hannunmu.

Ga abin da muka yanke a zaman shugabannin matasa na mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar nan. Kowane shugaban mazaɓa zai je tashar motar garinsu cikin makon nan, ya rubuto kuɗin mota zuwa Jibiya, zuwa Katsina, zuwa Kano, da kuɗin buhu ɗaya, da kwanan watan da ya tambaya. Masu 'yan uwa a Ɗan Isa da Maraɗi su tambayo mana nasu da sefa. Za mu haɗa su a takarda ɗaya tare da buƙatunmu, mu kai wa ɗan majalisarmu na jiha da na tarayya mai wakiltar Jibiya da Kaita, mu nemi a kira zaman jin ra'ayin jama'a a nan Jibiya, a gayyato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya da ma'aikatar sufuri, a yi shi da Hausa. 'Yan uwanmu na Kaita, Mashi, Daura da cikin birni, in kun yi irin wannan a naku ɓangaren, takardar za ta fi nauyi.

Za mu karɓi na kowa ran Lahadi bayan la'asar, in kasuwa ta fara watsewa, a ofishin matasa. Mata 'yan kasuwa su ma a zo da su, don su suka fi mu sanin kuɗin buhu. Goggo ta ce in an tashi kai takardar a gaya mata, za ta dangwala yatsa.